Waiwaye Adon Tafiya: Kalumbardo, Garin Masu Halwa A Ƙasar Barno

A ƙasar Hausa idan aka ce yaro ya tafi gabas, ba a bukatar a yi wa kowa bayani. An san Barno ake nufi, an kuma san allo ya ɗauka, ba kayan fatauci ba. Tun zamanin kakanni haka abin yake. Har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi doguwar jayayya a rubuce da Shehu Laminu na Kukawa, sai da ya shaida cikin littafinsa Infaƙul Maisuri cewa mutanen Barno sun yi fice wajen karatun Alƙur'ani da haddarsa da rubuta shi. Amma abin da ba kowa ya tsaya ya bincika ba shi ne yadda aka yi waɗannan makarantu suka rayu shekaru ɗaruruwa, watau wa ya ciyar da su, wa ya tsare su, me kuma yakan faru ran da mai tsaron ya juya musu baya. Akwai wani gari da tarihinsa ya amsa waɗannan tambayoyi duka, ko da yake yau babu shi a taswira. Sunansa Kalumbardo, wasu kuwa sukan ce Kalumfardo.

Kafin a kai ga labarin garin, ya kamata mai karatu ya tuna cewa Maiduguri ba tsohon birni ba ne in an gwada shi da daular da ya gada. A shekarar 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya zauna a Yarwa, kusa da barikin Turawa. Kafin nan Kukawa ce hedkwata, kafin Kukawa kuwa Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya gina wajen shekarar 1472 a kusa da kogin Yobe. A wannan Birni ne sarakunan Saifawa suka zauna fiye da shekara 300, da limamansu da alƙalansu da malaman fada. Kalumbardo kuwa yana arewa da Birni, tafiyar kimanin mil 50, a bakin daji inda ƙasar noma take ƙarewa hamada take somawa, cikin yankin da yanzu ya faɗa Jamhuriyar Nijar. Duk wanda ya zaɓi ya zauna a irin wannan wuri, lalle ba kusantar fada yake nema ba.

Waɗanda suka fara ɗaukaka sunan wurin malamai biyu ne, a farkon ƙarni na 17. Ɗaya Bafillace ne, ana ce masa Shehu Waldede, wanda ya yi karatu a Agadas da Tambutu. Ɗayan kuwa Ba'abzine ne, Shehu Waliyyi ɗan Jarmi. Suka zauna suna karantarwa suna wa'azi, mutane suna tuba a hannunsu, har jama'arsu ta yi yawa. To, a nan gizo ke saƙar. Sarkin zamanin, Mai Umaru ɗan Mai Idirisu Alauma, wanda ya yi sarauta daga wajen 1619 zuwa 1639, ya ji labari cewa ga waɗansu malamai can bakin daji sun tara jama'ar da ba ta zuwa gaisuwa fada. Aka kira su. Ƙarshen maganar dai shi ne aka kashe Shehu ɗan Jarmi, Shehu Waldede kuwa ya tsira ya nufi Bagirmi. Muhammadu Bello ne ya adana wannan labari, malaman Sakkwato kuma sukan lissafa Waldede cikin waɗanda suka yi bushara da zuwan mai jaddada addini a waɗannan ƙasashe.

Wani zai ce zalunci ne tsantsa, zalunci ne kuwa. Amma yana da kyau a duba abin da ya tsorata Mai Umaru. Malaman nan ba su da doki, ba su da sulke, ba a ce sun ɗaga tuta ba. Abin da suke da shi kawai shi ne mutanen da suka yarda da su fiye da yadda suka yarda da sarki. A daular da sarkinta ke kiran kansa Amirul Muminina, wanda kuma ke jingina halaccin mulkinsa ga addini, babu abin da ya fi wannan haɗari. Maƙiyi mai takobi ana iya tura masa Kaigama da runduna. Malamin da ya ƙi duniya kuwa, da me za a saye shi, da me za a razana shi?

Bayan rasuwar Mai Umaru sai ɗansa Mai Ali ya hau, ya daɗe bisa gado, daga wajen 1639 zuwa 1677. Shi wannan Mai Ali malami ne a kan kansa, ya yi aikin hajji sau uku, shi ne kuma wanda ya kori Kwararrafa daga ƙofar Birni, har Ɗan Marina na Katsina ya yi masa waƙar yabo da Larabci saboda wannan nasara. A zamaninsa ne Kalumbardo ya sake tashi, a hannun mutumin da ya fi kowa shahara cikin mazauna wurin, watau Shehu Abdullahi ɗan Abdul'azizu, wanda Larabawa suka sani da Albarnawi. Abin da uba ya rushe, ɗa ya bari aka sake ginawa. Ko nadama ce ta sa, ko dabarar mulki, sakamakon dai ɗaya ne: malami ya samu wurin zama, sarki kuma ya samu addu'a da kwanciyar hankali a kan iyakarsa ta arewa.

Abin mamaki game da Shehu Abdullahi shi ne mafi yawan abin da aka sani na rayuwarsa ba a Barno aka rubuta shi ba, a birnin Fas na ƙasar Maroko aka rubuta. Dalili kuwa shi ne wani bawan Allah matafiyi, Shehu Ahmadu Alyamani, mutumin bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, ya ratso ta Barno ya zauna wurin Shehu Abdullahi ya sha daga gare shi, daga nan ya bi ta Abzin ya ƙetare hamada ya sauka Fas. Can ya riƙa ba da labarin shehinsa, malaman birnin suna rubutawa. Wani daga cikinsu, Ahmadu ɗan Abdulhayyi Alhalabi, ya wallafa littafi sukutum a kan Shehu Abdullahi, ya sa masa suna Raihanul Ƙulubi. Daga baya Muhammadu Alƙadiri, wanda ya rasu a 1773, ya shigar da labarin cikin littafinsa na tarihin malamai mai suna Nashrul Masani. Ke nan malamin da ya gudu daga idon jama'a ya ɓuya a bakin daji, sunansa ya kai inda sunan sarakuna da yawa na zamaninsa bai kai ba. A gefe guda, masu karanta littafin Al'ibrizu sun san cewa cikin shehunan Sidi Abdul'azizu Addabbagu na Fas akwai wani mai suna Abdullahi Albarnawi. Sai dai Addabbagu ya rasu wajen 1720 yana da sauran ƙuruciya, shi kuwa na Kalumbardo ya riga ya bar duniya tun 1677, saboda haka mai lissafin shekaru ba zai yi gaggawar cewa mutum ɗaya ne ba.

Yadda Alyamani ya siffanta zaman garin abin a tsaya a kai ne. Da an idar da sallar asuba an gama wuridi, sai almajiran Shehu su watse cikin dajin da ke kewaye da gari, kowa ya nemi gindin itacensa ko kurminsa, shi kaɗai, babu mai yi wa wani magana. Nan za su zauna suna ibada da zikiri, zafin rana bai kore su, sanyin hunturu bai hana su. Sai rana ta yi tsaka sa'an nan a ga suna ɓullowa ta kowace kusurwa, su cika masallaci su yi salla bayan Shehu. An ce shi kansa Shehu ba ya ajiye abin duniya, abin da aka kawo masa yakan rabar. Wannan tsari ya haɗa abu biyu da mutane kan ɗauka ba sa haɗuwa, watau kaɗaici da jam'i. Mutum yana halwa, amma sallar jam'i ba ta wuce shi. Ya bar mutane da safe, ya komo cikinsu da azahar.

Duk wanda ya yi zaman tsangaya zai ji wannan siffa ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Har zuwa zamanin nan gardawa sun san kiskadi, inda mutum zai fita bayan gari da allonsa ko da ƙur'aninsa, ya keɓe kansa yana tilawa har ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi, sa'an nan ya komo wurin darasu. Ba a cewa daga Kalumbardo aka ɗauko wannan al'ada, amma ƙasa ɗaya ce ta haife su, tunani ɗaya kuma ke ƙarƙashinsu: karatu da ibada suna son wurin da hayaniyar kasuwa ba ta kai. Kalmomin ma da ake amfani da su a tsangayun ƙasar Hausa suna nuna inda aka samo sana'ar. Gwani dai goni ne na Barebari.

Kada kuma a ɗauka cewa zamanin nan na zikiri ne kawai babu ilmi. Cikin tsofaffin ƙur'anan Barno da wani Bature mai bincike, A. D. H. Bivar, ya gani a ƙarshen shekarun 1950, akwai wanda ke ɗauke da kwanan watan shekarar 1080 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1669, lokacin Shehu Abdullahi yana raye. A tsakanin layukan irin waɗannan ƙur'anai akwai fassara da tsohon harshen Kanembu, a gefe kuma ga sharhi da Larabci daga manyan littattafan tafsiri. Wannan harshe na fassara, wanda malaman Barno ke kira Tarjumo, bai mutu ba, ana jin sa har yanzu a bakin masu tafsiri. Ƙasar da ta haifi masu halwa ita ce ta haifi masu wannan aiki na alƙalami.

To, da me irin waɗannan garuruwa suke rayuwa? Amsa tana cikin wata takarda da ake kira maharam. Sarakunan Saifawa sun saba ba malami takardar da ke haramta wa sarki da 'ya'yansa da barorinsa taɓa jinin malamin da dukiyarsa, shi da zuriyarsa da waɗanda suka zauna ƙarƙashinsa. Ba a karɓar haraji a wurinsu, ba a fitar da su yaƙi, manzon sarki ba ya sauka ya ce a ciyar da shi da dokinsa. A ƙarshen takardar akan sa la'ana ga duk wanda ya keta ta. Abin da ake nema wurin malami kuwa shi ne addu'a ga sarki da ƙasa, da karantar da jama'a. Mafi daɗewa da aka sani cikin waɗannan takardu ita ce wadda ake dangantawa ga Mai Hume na ƙarni na 11, wadda ya ba malaminsa Muhammadu ɗan Mani. Razdan Palmer ya tattara da yawa daga cikinsu ya buga fassararsu a 1928 da 1936, daga baya kuma masana 'yan ƙasa irin su Muhammadu Nur Alkali da Hamidu Bobboyi suka sake nazarin al'amarin da idon wanda ya san gida. Garin da aka kafa bisa irin wannan takarda Barebari suna ce masa malamti, watau mazaunin malamai.

Hikimar wannan tsari ita ce ba albashi ake ba malami ba, ƙasa ake ba shi da 'yanci. Wanda ake biya albashi, ran da aka ji haushinsa sai a tsayar. Wanda aka ba gona da rijiya aka kuma ɗauke masa haraji, ya samu abin da zai ciyar da almajiransa daga guminsu. Da damina a yi noma, da rani a duƙufa kan allo. Manoma da makiyaya da suka gaji da masu karɓar haraji sukan taso su raɓu da malam, gari ya yi ta girma. Sarki ma ba asara ya yi ba, domin dajin da babu kowa ya zama gari, hanyar fatake ta samu zango, malamin da zai iya zama ƙaya a fada kuma ya yi nisa.

Wannan dabara ba a Barno kaɗai aka san ta ba, ko da yake addini ya bambanta. A arewa maso yammacin Faransa akwai wani lardi da ya miƙa cikin teku, wanda ya samo sunansa daga mutanen tsibirin Birtaniya da suka ƙaura can a ƙarni na 5 da na 6 na Miladiyya, Faransawa suna ce masa Bretagne. Cikin masu ƙaurar akwai Kiristoci masu gudun duniya, waɗanda sukan nemi tsibiri ko kogon dutse su zauna su kaɗai. Akwai Gildas, wanda ya rubuta littafi yana yi wa sarakunan zamaninsa faɗa, labarin mutanen lardin kuma ya ce ya yi zaman kaɗaici a tsibirin Houat kafin ya kafa gidan ibada a Rhuys, ya mutu wajen 570. Akwai Samson, mutumin Wales, wanda ya zauna cikin kogo kafin ya ƙetare teku ya kafa Dol. Akwai kuma Guénolé, wanda ake danganta masa kafa gidan ibada na Landévennec wajen 485. Dukansu hanya ɗaya suka bi: mutum ya gudu daga jama'a, jama'a ta bi shi, bukka ta zama gari, sarakunan wurin su ba da ƙasa a rubuta a takarda. Ƙarshen ma ya yi kama, gama a 913 mahara daga arewacin Turai, waɗanda ake kira Vikings, suka ƙone Landévennec, mazaunansa suka kwashi littattafansu da ƙasusuwan shehinsu suka gudu.

Amma akwai bambanci babba. Su waɗancan ba sa aure, saboda haka gidan ibadarsu yana ɗorewa ne da sababbin masu shiga. Musulunci kuwa bai yarda da ruhubananci ba. Mutanen Kalumbardo masu iyali ne, suna aure suna haihuwa. Don haka abin da Shehu Abdullahi ya bari ba gini ba ne, zuriya ce da jama'a, waɗanda za su iya naɗe tabarmarsu su tashi da albarkarsu duk inda suka nufa. Wannan ne ya cece su daga shuɗewa sa'ad da masifa ta auko.

Masifar kuwa ta zo a shekarar 1088 ta Hijira, watau 1677. Abzinawa suka kawo hari Kalumbardo, suka kashe Shehu Abdullahi tare da jama'a daga cikin almajiransa, garin ya watse. A nan ne raunin maharam ya fito fili. Takarda ce da ke ɗaure hannun wanda ya rubuta ta da wanda ke tsoron la'anar da ke cikinta. Ta hana bawan sarki shiga gari, amma ba ta ce sarki ya ajiye dakaru a ƙofar gari ba. Mutanen da aka ɗauke wa fita yaƙi, an kuma bar su ba su san riƙon mashi ba. Nisan da ya tsare su daga fitinar fada shi ne ya ajiye su a bakin kura. Na farko sarkin Musulmi ne ya rushe shi, na biyu kuwa mahara ne waɗanda su ma suna salla.

Waɗanda suka tsira suka taru wurin ɗan Shehu, mai suna Shehu Umaru, daga baya suka kafa sabon mazauni a Gaskeru. Nan abin ya sake kama. Jikokin masu halwa suka zama shugabannin ƙasa, da ƙauyuka masu yawa a ƙarƙashinsu, suna shari'a suna naɗa wakilai. Gaskeru ma bai tsira ba, Abzinawa suka rushe shi a rabin ƙarshe na ƙarni na 18, lokacin da ƙarfin Saifawa ya soma ja da baya. Jama'ar ta gangaro kudu. Shehunan Koyam, mutanen nan da aka sani da kiwo da haƙar rijiya mai zurfi a arewa da yammacin Maiduguri, suna danganta kansu ga wannan gida. Turawan Faransa na tawagar Tilho, waɗanda suka yi aikin shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, sun ji labarin daga bakin tsofaffin yankin sun rubuta.

Abin da Mai Umaru ya ji tsoro kuwa bai fasa zuwa ba, jinkiri kawai ya yi na kusan shekara 200. A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci Birnin Gazargamu. Da Saifawa suka rasa madafa, wurin wa suka nufa? Wurin wani malami da ke zaune a Ngala da almajiransa da jama'arsa ta Kanembu da Larabawan Shuwa, watau Shehu Muhammadu Al'amin Alkanemi. Ya taimake su aka karɓo Birni, aka saka masa da ƙasa, jama'a ta yi ta komawa wurinsa. A 1814 ya gina Kukawa. Ya rasu a 1837, a 1846 kuma ɗansa Shehu Umaru ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa ɗungum. Gidan da ke sarautar Barno a Maiduguri har yau gidan wannan malami ne, shi ya sa ake ce wa mai sarautar Shehu, ba Mai ba. Mazaunin malami ya haɗiye fadar da ta ba shi wurin zama.

Daga nan zamani ya yi ta sauyawa da sauri. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a 1900, Ingilishi suka zo da nasu tsarin na haraji da hakimai da En'e, wanda bai san wata takarda mai la'ana a ƙarshenta ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa duka a hannun gwamnonin jihohi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da na 1980 ya kashe gonaki da dabbobi, tafkin Chadi ya janye ya bar kaso kaɗan na faɗinsa na shekarun 1960. Malamin da kakansa ke ciyar da almajirai daga rumbu sai ya wayi gari rumbun babu komai. Ya kwashi yara ya nufi birni ci-rani, ci-rani ya zama zama. Jirgin ƙasa ya riga ya iso Maiduguri tun 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, sa'an nan ta Jihar Barno a 1976, saboda haka nan kowa ya dosa. A birni kuwa babu gonar da almajiri zai noma. Abin da ya rage masa shi ne ƙoƙo.

Masu zagin tsangaya saboda bara, da masu kare ta ido rufe, duka sukan manta da wannan. Bara a titi ba ita ce asalin tsarin ba, alama ce ta cewa an zare masa ƙashin baya. Karatun ya taso daga ƙauye ya shigo birni, amma gonar da rijiyar da 'yancin da suka riƙe shi ba su biyo shi ba. Wannan ba ya wanke uban da zai tura yaro ɗan shekara 6 garin da bai taɓa gani ba, ba guzuri ba waiwaye, ba ya kuma wanke malamin da zai karɓi yaran da ya san ba shi da inda zai kwantar da su. Mutanen Kalumbardo manya ne da suka zaɓi talauci da kansu. Yaron da ke yawo da roba a Kasuwar Monday ba a tambaye shi ba.

Sa'an nan ga masifar da ta fi duka. Tun rikicin Maitatsine na Bulumkutu a 1982 aka ga alamar abin da taron matasa marasa madogara kan iya zama a hannun mai mugun wa'azi. Daga watan Yulin 2009 kuwa fitinar Boko Haram ta tashi daga cikin Maiduguri ta bazu ƙauyuka. Malamai na cikin waɗanda aka fara nema, an kashe Shaihu Bashir Kashara a Maiduguri a 2010, an kashe Shaihu Ibrahim Birkuti a Biu a 2011, ban da alarammomin ƙauye da ba a buga sunansu a jarida ba. Fiye da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu a yankin arewa maso gabas. Ƙauyukan malamai da suka rage a arewacin Barno da bakin kogin Yobe, ƙasar da Kalumbardo da Gaskeru suka tsaya, da yawansu suka zama kufai, mazaunansu suka tsinci kansu a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri da Diffa. Kamar 1677, masu harin suna kiran sunan Allah, waɗanda aka kai wa harin kuma ba su da abin kare kai sai allo.

Hukuma dai ba ta zauna haka kawai ba. Gwamnatin Tarayya ta gina makarantun almajirai, aka buɗe ta farko a Gagi ta Sakkwato a 2012, ko da yake da yawa daga cikinsu sun lalace bayan 'yan shekaru saboda rashin kulawa. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin arewa suka yi ta kwasar almajirai a motoci suna mayar da su jihohinsu. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Jihar Barno kuma ta kafa hukumarta ta ilmin Larabci da tsangaya. Duk waɗannan sun fi babu. Amma mai lura zai ga cewa yawancinsu gini ne da rajista da alawus, watau abubuwan da ke zuwa da gwamnati su tafi da ita. Saifawa, duk da laifinsu, sun gane cewa makarantar da za ta wuce ran wanda ya kafa ta sai an ba ta abin da za ta ci da kanta. Musulunci kuwa yana da ƙofar wannan a buɗe, ita ce waƙafi: gona ko rumfunan kasuwa ko gidan haya da za a tsayar wa tsangaya, a rubuta a kotu, a sa amintattu masu ba da lissafi, yadda sabon gwamna ba zai iya sokewa ba, magadan malam kuma ba za su iya rabawa ba. Mutanen Kanem sun san wannan tun ƙarni na 13, sa'ad da suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a birnin Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Sai dai darasin 1677 yana nan: ƙasa da 'yanci ba su isa ba in babu tsaro, tsaro kuwa aikin hukuma ne, ba na alaramma ba.

Akwai kuma takardun kansu. Maharam da yawa da tsofaffin ƙur'anai da littattafan fiƙihu suna hannun zuriyar waɗanda aka ba su, cikin gafaka da akwatunan ƙarfe, wasu sun yi gudun hijira tare da masu su. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da cibiyar nazarin al'amuran ƙetaren Sahara da ke tattara irin waɗannan rubuce-rubuce, amma abin da ke gidajen mutane ba a san iyakarsa ba. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, ya shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da tsofaffin unguwannin da gidajen malamai suke. Tawadar da aka dafa da ƙaro da gawayi ba ta jure ruwa ko na sa'a guda. Iyalan da ke riƙe da irin waɗannan takardu suna iya kai su jami'a a ɗauki hotonsu da na'ura, a mayar musu da kayansu a hannu.